Fashin Baƙi: Ƙas-ƙas a Injin Tsohuwar Mota, Yaushe Ne Lafiya, Yaushe Ne Ciwo?

Da zarar an tayar da tsohuwar mota a gaban mutane aka ji injinta yana ƙas-ƙas-ƙas, to an buɗe mahawara. Wani zai ce injin ya kusa bugawa, a kashe shi tun wuri. Wani ya ce tafet ne kawai, a ɗaure shi ya yi shiru. Na uku ya ce a zuba baƙin mai mai kauri, magana ta ƙare. Mai motar kuwa yana tsaye, hannunsa a kan bonet, bai san wa zai bi ba.

Tambayar ita ce: ƙarar nan alamar ciwo ce, ko kuwa muryar injin ce ta asali? Duk amsoshin biyu suna iya zama gaskiya, kuma abubuwa fiye da goma ne ke iya haifar da sautin da kunnen da bai saba ba zai ɗauka iri ɗaya ne. Wasu gyaran minti ashirin ne, wasu sai an sauke inji. Abin da ya fi damuna shi ne, maganin da aka fi saurin bayarwa, wato a ɗaure har a daina jin komai, shi ne ya fi kashe tsofaffin injuna.

Mene ne tafet, kuma me ya sa yake ƙara?

Kowace silinda tana da bawul na shigar da iska da fetur, da kuma bawul na fitar da hayaƙi. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wani sandan ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi. A yawancin tsofaffin injuna kamshaf yana can ƙasa cikin bulok, wato gangar jikin inji. Ƙusumbinsa yana tura wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin kofi, shi ne ainihin tafet. Tafet ya tura doguwar sanda da ake kira fushrod, ita kuma ta ɗaga gefe guda na roka, ɗaya gefen ya danna kan bawul ya buɗe shi. Idan ƙusumbin ya wuce, sifirin ya mayar da bawul mazauninsa.

Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Saboda haka maƙera suka bar ɗan giɓi tsakanin bakin roka da kan bawul, don idan komai ya ɗau zafi ya miƙe, bawul ya samu damar rufewa ruf. Duk lokacin da roka ya cike wannan giɓi ya taɓa bawul, sai a ji ƙas. Idan bakanike ya ce zai saita tafet, wannan giɓin yake nufi.

Giɓin ɗan mitsitsi ne, kuma kowane inji da nasa. Volkswagen Beetle mai sanyaya inji da iska tana son milimita 0.15 a dukkan bawul, a auna da inji a sanyaye. Injin fetur na Peugeot 504, motar da ta fito a 1968, yana son 0.10 a bawul na shiga, 0.25 a na hayaƙi. Ƙaramin injin da ke cikin tsohuwar Mini da Morris Minor na Ingila kuwa kusan 0.30 ne. Inji irin wannan, idan yana da lafiya, dole a ji shi yana wata 'yar ƙara a jere, kamar keken ɗinki a hannun gwani. Ba ciwo ba ne, haka aka haife shi.

Akwai wani nau'in tafet mai aiki da matsin baƙin mai, wanda ya fara shiga manyan motocin Amurka tun shekarun 1930, ya kuma zama ruwan dare a injunansu masu silinda takwas, irin ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955. Shi wannan mai ne ke cika cikinsa ya toshe giɓin gaba ɗaya, don haka bai kamata a ji shi ba. Idan motar ta kwana biyu a ajiye, man ya tsiyaye, zai yi ƙara na 'yan daƙiƙu bayan an tayar, sai ya yi shiru. Wannan ba komai. Amma idan ya ci gaba bayan inji ya ɗumama, to ko datti ya toshe shi, ko ya cinye, ko mai ba ya isa gare shi da ƙarfi. Kafin a ce komai game da ƙarar inji, sai a fara sanin wane iri ne a cikinsa, domin abin da yake lafiya ga wannan ciwo ne ga wancan.

Haɗarin injin da ya yi tsit

Nan ne mutane suka fi kuskure, kuma nan zan fi daɗewa.

Bawul na hayaƙi yana aiki ne a cikin wuta, zafinsa yana iya kaiwa digiri 700 na ma'aunin Salsiyas ko fiye. Ba ruwa ke taɓa shi ba. Mafi yawan zafin da ya kwasa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa a cikin tof silinda, wato kan injin da ke rufe saman silindoji. Idan aka ɗaure giɓin har ya ƙare, inji ya ɗau zafi, sai bawul ya kasa zama sosai. Wuta ta riƙa bi ta 'yar kafar da ta rage, tana cin gefensa kamar yadda mai walda ke yanka ƙarfe. A farko motar za ta yi shiru, mai ita ya ji daɗi. Bayan wani lokaci sai silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya fara rawa, ƙarfi ya ragu, tashi ya yi wuya, a auna matsin silinda a tarar guda ta mutu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: ƙarar da sukundireba da sifana za su gyara ta koma aikin cire tof silinda.

Masu Beetle sun san wannan darasi da kyau. A injunan da aka ƙera kafin 1971, na'urar sanyaya mai tana tsaye a hanyar iskar da ke zuwa silinda ta uku, don haka bawul ɗin hayaƙinta ya fi kowanne shan zafi. Idan giɓinsa ya matse, yakan miƙe har kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin. Shi ya sa masu kula da ita suke auna giɓin kusan duk bayan kilomita 5,000.

Akwai kuma wata hanya da giɓi ke matsewa da kansa ba wanda ya taɓa shi. Tsofaffin injuna an ƙera su ne a zamanin fetur mai gubar dalma, kuma dalmar nan tana shimfiɗa wani ɗan rufi a mazaunin bawul da ke kare shi. An daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Injin da tof silindarsa zubin baƙin ƙarfe ce, aka yanka mazaunin bawul a jikinta kai tsaye, idan ana yi masa doguwar tafiya da gudu, bawul yakan riƙa nutsewa cikin mazaunin a hankali. Yana nutsewa giɓi yana ƙarewa. Tof silinda ta alminiyom, irin ta 504 da Beetle, tana zuwa da zoben ƙarfe mai tauri a mazaunin, don haka abin ya fi sauƙi a wurinta. Ni dai idan tsohon injin da na san shi da 'yar ƙararsa ya wayi gari ya yi tsit ba tare da an taɓa shi ba, hankalina ya fi tashi fiye da a ce ƙarar ce ta ƙaru.

Kunne kafin sifana

Kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai tambayoyin da kunne kaɗai ke amsawa.

Ta farko ita ce saurin ƙarar. A inji mai bugu huɗu, kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ya juya sau biyu. Idan inji yana silo a juyi 600 a minti, karanshaf yana juyi 10 a daƙiƙa, amma kowane bawul sau 5 yake buɗewa. Roka guda mai giɓi da yawa zai yi ƙas sau 5 a daƙiƙa, har ana iya bin sa da yatsa. Wanda yake da fitilar saita taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya huta: ya maƙala ta a wayar filogi guda, fitilar tana walƙiya sau ɗaya a kowane juyi biyu. Idan ƙarar tana tafiya ƙafa da ƙafa da walƙiyar, a fara zargin abin da kamshaf ke turawa. Idan ta ninka walƙiyar, a duba ƙasa wajen karanshaf. Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta yanke hukunci, domin konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ma in yana da ciwo yakan fi bugawa ne a daidai lokacin da silindarsa ta kunna.

Ta biyu ita ce zafi. Ƙarar tana nan da sanyi ta ɓace da zafi, ko kuwa sai inji ya yi zafi take fitowa? Wadda ke ɓacewa da ɗumi yawanci giɓi ne da ƙarfe ya miƙe ya cike. Wadda ke fitowa bayan mai ya yi zafi ya tsinke ta fi ban tsoro, domin tana nuna man ne yake ɓoye ta tun farko.

Ta uku ita ce wuri. A ɗauki dogon sukundireba, a dafa bakinsa a jikin inji, a kafa ƙotarsa a kunne. A bi murfin bawul daga gaba zuwa baya, a sauko gefen bulok, a taɓa famfon fetur, a taɓa kwanon mai. Inda ƙarar ta fi kaifi, can gidanta yake. Guntun tiyo kuma ya fi kyau wajen neman inda iska ko hayaƙi ke fita. A kula ƙwarai da fanka da fanbel, hannun riga mai faɗi ko igiyar wuya ba su da wuri kusa da inji mai juyawa.

Amma kafin duk wannan, a zaro sandar auna mai. Mai ya yi ƙasa yana sa ƙara, ya yi yawa ma yana sa ƙara, domin karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Masu shigar burtu

Akwai abubuwan da ke kwaikwayon tafet har su ruɗi ƙwararre. Babbansu shi ne tsiyayar hayaƙi a manifol, bututun da ke kwashe hayaƙi daga silindoji.

Na taɓa bin wata ƙara a 504 tsawon makonni. Sau biyu aka buɗe murfin bawul aka saita giɓi, sau biyu ƙarar ta dawo washegari da safe: tsit-tsit-tsit mai kaifi, sai an yi tafiyar minti biyar ta lafa. Har an fara yi mini maganar kamshaf. Wata safiya na tayar da ita da sanyi, na zura ƙaramin madubi ƙarƙashin manifol ina haskawa da tocila. A gefen noti na ƙarshe sai ga wani ɗan layin baƙin hayaƙi, bai fi faɗin farce ba, ya zana kansa a jikin ƙarfe kamar an shafa gawayi. Na kai yatsa kusa, ban taɓa ba, na ji iska mai ɗumi tana bugun fatata, fut-fut-fut, daidai da ƙarar. Gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da tof silinda, ne ya ƙone a wurin. Da sanyi kafar a buɗe take, da zafi manifol ya kumbura ya matse ta. Tun ranar nake fara duba wannan wuri kafin in taɓa murfin bawul.

Filogin da bai ɗauru ba yana irin wannan ƙara. Wayar filogi da ta tsage tana tsallen wuta zuwa jikin inji da wani tas-tas, kuma a cikin duhu ana ganin shuɗin tartsatsin da ido. Famfon fetur na jikin bulok, da yake kamshaf ke tura shi, idan sifirin hannunsa ya saki yana ƙara da saurin tafet sak. Famfon fetur na lantarki irin SU da ke cikin motocin Ingila da yawa kuwa, ƙas-ƙas aikinsa ne, ana jin sa da an murɗa makulli tun kafin inji ya tashi. Sai fankar da ke goga wani abu, da famfon ruwa, da altaneta: a cire fanbel a tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan da sanyi, idan ƙarar ta tafi an san ba cikin inji take ba. A mota mai giya otomatik, farantin da ke haɗa inji da giya idan ya tsage yana bugu kamar ciwon ƙasan inji.

Idan an buɗe murfin bawul

A bi abin da littafin motar ya ce, da sanyi ko da zafi, kada a yi ƙiyasi da kunne. Ana auna giɓi da filageji, waɗannan siraran ƙarafa masu lamba, kuma daidai shi ne a ji ganyen yana wucewa da ɗan ja kaɗan. A inji mai silinda huɗu a jere irin na Mini akwai ƙa'idar tara: idan bawul na 8 ya buɗe sosai a saita na 1, idan na 6 ne a saita na 3, kullum jimillar ta zama 9.

Ga wani tarko. Bayan shekaru, kan bawul yakan haƙa ɗan rami a bakin roka. Filageji yana da faɗi, sai ya haye bakin ramin, ya nuna giɓi daidai alhali na gaskiya ya fi haka. Shi ya sa za a saita a saita, ƙarar tana nan. Maganinsa a cire rokan a gyara fuskarsa ko a sauya shi. Hanyar gano mai laifi ita ce a bar inji yana silo, a zura ganyen filageji ƙarƙashin kowane roka ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zura wa ƙarar ta ɗauke, shi ne.

Yayin da inji ke juyawa a duba ko mai yana isowa kowane roka, a kuma duba ko dukkansu suna dannawa daidai da juna. Rokan da ke ɗan motsi kaɗan alhali 'yan uwansa suna nutsawa sosai, ƙusumbin kamshaf ɗinsa ya cinye. Alamar da ta fi tabbatar da haka ita ce giɓin da aka saita yau, bayan mako ya sake buɗewa. Ruwa ba ya tsami banza, ƙarfe ne ke tafiya a wani wuri. Fushrod da ake zargin ta lanƙwashe kuma, a mirgina ta a kan gilashi, za ta tona kanta.

Ƙarar da ba a wasa da ita

Ƙarar sama siririya ce, ta ƙasa tana da nauyi. Idan metal na konrod, wato siririn ƙarfen da ke tsakaninsa da karanshaf, ya cinye, ba ƙas ake ji ba, gwaf-gwaf ne mai zurfi, kamar ana buga bulok da guduma daga ciki. Yana fi fitowa idan mai ya yi zafi, musamman a ɗan taka totur a sake shi. Gwajinsa shi ne a kashe wutar silinda ɗaya bayan ɗaya ta hanyar cire wayar filogi da filaya mai rufin roba. Silindar da aka kashe ƙarar ta ragu sosai, a nan ciwon yake. Tafet bai damu da wannan gwaji ba, ko silinda ta kunna ko ba ta kunna ba zai ci gaba da abinsa.

Sai a haɗa gejin matsin mai na hannu, kada a dogara da fitilar dashbod, domin ita ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa. Ƙiyasin da makanikai da yawa ke bi shi ne kusan psi 10 (ma'aunin matsi a geji) ga kowane juyi 1,000 a minti da mai mai zafi. A juye man a faranti mai tsabta a kai shi rana, a yanka filta a buɗe takardarta. Ƙyalli mai launin jan ƙarfe daga metal yake. Garin da maganaɗisu ke kamawa yana iya fitowa daga kamshaf ko tafet. Idan an ga wannan tare da gwaf-gwaf, a kashe inji a jawo motar. Kowace kilomita da aka ƙara tana cin karanshaf, kuma ƙarshenta konrod ya fasa bulok ya leƙo waje.

Fistin da ya yi sako-sako a silinda yana wani ƙwal-ƙwal mai rami da sanyi, ya lafa da ɗumi, kuma inji yana iya shekaru a haka. Akwai kuma ƙarar da ke fitowa kawai idan an taka totur a hawa da babbar giya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Wannan fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba, saboda taimin ya yi gaba, ko fetur ɗin bai kai ƙarfin da injin ke so ba, ko gawayi ya taru, ko inji yana zafi fiye da kima. Saitinta ba wuya, amma idan aka bar ta tana huda fistin.

Rigimar baƙin mai

Masu cewa a zuba mai mai kauri suna da ɗan gaskiya. Injuna da yawa na shekarun 1960 da 1970 an ƙera su ne don mai irin 20W-50, kuma zuba musu siririn man motocin zamani kuskure ne. Inda nake rabuwa da su shi ne zuba abin da ya fi wanda littafi ya ce, ko ƙara masa wani sinadari mai danƙo don a rufe bakin ƙara. Man da ya yi kauri da yawa yana jinkirin isa sama da sanyin safiya, lokacin da ƙarfe ya fi bukatarsa, kuma metal ɗin da ya cinye yana nan a cinye ko an daina jin sa.

Maganar da ta fi wannan muhimmanci ita ce ta sinadarin ZDDP, haɗin zinki da fosforas da ke cikin mai. Tsofaffin injuna suna da tafet mai shimfiɗaɗɗen gindi da ke goga ƙusumbin kamshaf kai tsaye, kuma wannan sinadari ne ke kare su. Da yake fosforas yana lalata na'urar tace hayaƙi ta sababbin motoci, ƙa'idar mai da ta fito a 2004, wadda ake gani da alamar API SM, ta taƙaita shi zuwa kashi 0.08 cikin ɗari a siraran mai irin 5W-30. Wasu suna ganin injin da ya riga ya saba, mai sifirin bawul na asali, ba ya damuwa da wannan ragi. Wasu suna ganin caca ce. Inda kusan kowa ya yarda shi ne sabon kamshaf da sababbin tafet: waɗannan suna bukatar mai mai wadataccen zinki, kuma minti ashirin zuwa talatin na farko a riƙe inji a kusan juyi 2,000 a minti, kada a bar shi a silo. A ganina, neman man da aka yi don tsofaffin injuna ya fi zuba kwalabe barkatai a kan man zamani.

Ga mai shirin saye

Wanda zai sayi tsohuwar mota ya nemi a bar masa ita da sanyi, ya dafa bonet da manifol kafin a murɗa makulli. Injin da aka ɗumama kafin ka iso ya riga ya haɗiye rabin labarinsa. Ka tsaya a gaban inji wani ya tayar, ka saurari daƙiƙu goma na farko, ka lura da tsawon lokacin da fitilar mai ke ɗauka kafin ta mutu. Sannan a yi tafiya har ya yi zafi sosai, a dawo a bar shi a silo, ka sake saurara, ka zaro sandar mai ka ga ko abin da ke jikinta yana ɗiga ko kuwa yana jan zare kamar zuma.